Gulbin da Ya Zama Dutse, da Abin da Ya Kai Mu Lyon

Bayan sallar asuba muka ja ƙofa, ni da babbar ɗiyata. Asubar watan Yuni a Paris ba ta da kara, kafin mutum ya gyara kwanciya ta iso. Unguwarmu Belleville tana barci, in ban da masu gasa burodi da wani ɗan Sin da ke sauke kwalayen kayan miya a bakin shagonsa. Mai ɗakina ta cika mana jaka da soyayyar kaza da dafaffen ƙwai kamar masu zuwa Agadas a bayan babbar mota, alhali tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta wuce awa biyu ba. Ta haɗa da atamfa da turare na sallamar Inna, ƙanwar mahaifiyata. Muka gangara ƙarƙashin ƙasa, muka shiga metiro tare da ma'aikatan safe masu gyangyaɗi, muka nufi tashar da jiragen kudu ke tashi.

Bari in gaya muku abin da ya fito da ni, don kada ku ɗauka yawon shan iska ne.

Mahaifiyata ta rasu a Maraɗi ina ɗan makaranta. Ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba, ko hotonta babu, don a zamaninsu mace ba ta cika tsayawa gaban mai hoto ba. Abin da ya rage mini nata gatana ce guda, wato tatsuniya ga mutanen Kano. Labarin ɗiyar wani mai saran itace ne, wadda dodo ya sace ƙanenta ya ƙetare gulbi da shi. Yarinyar ta bi sawu har bakin ruwa, gulbi ya zama dutse ta taka ta wuce, ta goyo ƙanenta ta komo. Dodo ya biyo su ɗauke da buhunan kayan sata, yana kaiwa tsakiya dutsen ya buɗe ya haɗiye shi. Akwai wurin da mahaifiyata takan sassauta murya idan yarinyar ta iso bakin gulbi, amma abin da take faɗa a wurin ya ɓace mini tuntuni. Ni dai nakan ce ta roƙi gulbi, in wuce gaba. Da wannan gatanar na yi renon 'ya'yana duka a ƙasar nan, kuma kullum sai na ƙara da cewa ta kakarku ce, ita ma wajen kakanninta ta gada.

Sai ga ɗiyar tawa, wadda ke karatun Jamusanci da adabinsa a jami'a, ta bari muna tsakiyar cin tuwo ta ce ta ga gatanar a wani tsohon littafin tatsuniyoyin Jamusawa. Da mai saran itace, da dodo, da buhunan, babu abin da ya ragu. Na ce to sun sato mana. Ta yi dariya ta ce an buga littafin tun Turawa ba su san hanyar Maraɗi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tsame hannu daga kwano. Kowa ya ɗauka gardamar dattijo ce da ba ya son yaro ya fi shi sani, kuma akwai wannan ɗin kaɗan, ba na musu. Amma abin da ya dame ni daban ne. In gatanar ta littafi ce, to me uwata ta bar mini?

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya raba gardamar, Inna, ƙanwar mahaifiyata. Ta zo Lyon wajen ɗanta an yi mata aikin ido, kuma ranar Talata za ta koma gida. Na yanki tikiti biyu na zuwa da dawowa a ranar Asabar, don ɗiyar tawa tana aikin sayar da tikiti a wani gidan tarihi ranar Lahadi da hantsi. Ta biyo ni ne don kada a ce ta ƙi, ba don tana ganin tafiyar ta cancanci kuɗin jirgi ba.

Jirgin ya fita Paris a hankali, sannan ya saki jiki. Gudu yake kamar an biyo shi, amma shayin da ke gabanka ko motsi ba ya yi. Gonakin alkama sun fara ja, fararen shanu kwance cikin ciyawa ba makiyayi ba sanda, kowane ƙauye da coci mai tsini a tsakiya. Na leƙa wajen sayar da abinci na tambayi kuɗin burodi da cuku, na dawo na buɗe jakar mai ɗakina ina sa mata albarka. Wani Bature da ke gefenmu ya yi ta satar kallon cinyar kaza har na miƙa masa. Ya ƙi sau ɗaya don kunya, na biyun ya karɓa.

A nan ne ɗiyata ta ba ni tarihin tatsuniyar yadda suka karanta, ni kuwa na yi kamar ina kallon shanu. Ta ce su kansu Jamusawan ba su same ta tsarkakakkiya ba. An daɗe ana zaton malaman da suka tattara irin waɗannan labarai sun bi ƙauyuka ne suna zama gaban tsofaffi. Ashe da yawa daga cikinsu a falo aka ba su, daga bakin matan birni masu karatu, wasunsu ma jikokin Faransawan da rikicin addini ya kora Jamus. Wasu labaran kuma sun riga sun shiga littafin wani marubuci, ya yi musu kwalliya, mutane suka karanta suka maida su baki, sannan aka sake rubuta su a matsayin na gargajiya. Duk bugun da aka sake, sai an rage wani abu an ƙara wani. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar gulbin. Ta ce a wajen Jamusawa babu wani abin mamaki a ciki. Lokacin sanyi ne kawai, ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara, yarinya ba nauyi ta wuce, ƙato mai kaya ya burma. Wato wurin da ya fi sa gashin jikina tashi ina yaro, a wajensu labarin yanayi ne. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

Dab da shiga Lyon jirgin ya hau gada bisa kogin Rhône, faffaɗa, ruwansa kore-kore yana gudu. Muka sauka a tasha mai cunkoso, muka hau tiram, jirgin da ke bin titi, zuwa unguwar Minguettes da ke can kudancin gari bisa tudu. Dogayen benaye ne tsaye cirko-cirko, da filaye da itatuwa a tsakaninsu, kuma mun yi sa'a ranar kasuwa ce. Larabawan Aljeriya suna kiran ciniki da iya muryarsu, matan Komoro da lulluɓi masu launi, Turkawa da tulin kankana, ƙanshin na'ana'a ya cika wurin. Kayan marmari sun fi na Belleville araha nesa ba kusa ba, har na fara cika leda da tumatir kafin ɗiyata ta tuna mini cewa ba a ɗauko tumatir daga Lyon zuwa Paris. Na saya wa Inna ceri, 'yan jajayen 'ya'yan itacen nan da ba mu da su a gida.

Ɗan Inna, wanda ƙane ne a wurina, ya tarbe mu a ƙasan bene ya hau da mu can sama inda motoci ke komawa kamar ƙwari. Inna tana zaune bisa tabarma a tsakar falo, ta bar musu kujerunsu, da baƙin tabarau a fuska kamar jami'ar tsaro. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa irin ta gida wadda ba a tsallake kowa, har ta tambayi lafiyar ciwon gwiwar da na yi shekarun baya na manta da shi. Ta jawo ɗiyata ta ɗaga tabarau ta dube ta da sabon idon.

"Ƙawata, ashe haka kike da kyau? Da can inuwa nike gani."

Aka kawo tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa da ta taho da ita daga Maraɗi, da man shanu mai ƙanshi. Na ci har na ji kunya. Da aka ɗauke kwanoni na gyara zama na ce, "Inna, gatanar gulbi da Yayarki ke ba mu, ita muka zo ji. Kuma muna son sanin inda ta samo ta."

"To madalla. In dare ya yi ka ji duka."

"Inna, jirginmu da yamma zai tashi."

"Allah shi kai ku lahiya. Ni ban yin gatana da rana. Kai ba ka san wanda ya yi ta da rana ɓata hanyar gidansu shikai ba? Ni da za ni hau jirgin sama ran Talata, in sauka wata ƙasa in sake hawa wani, kana so in ɓace cikin Turawa?"

Na san dokar, da ita aka rene mu, amma na ɗauka ta tsaya a ƙofar filin jirgin Yamai. Kuma a gida dokar ba ta da wuya, rana tana faɗuwa a kan kari. A nan kuwa, a watan Yuni, magariba sai wajen goman dare, lokacin jirginmu ya daɗe da isa Paris. Ƙanena ya ce yana da dabara. Ya tashi ya sauke labulen ƙarfen tagogi duka, falo ya yi duhu ɗulum, ya ce, "Inna, ga dare ya yi."

"An buɗe mini ido da wahala don in ga rana, kai kuma ka ruhe ta ka ce mini dare? Buɗe mini taga, ɗan nema."

Muka yi dariya, har da ni, amma ina lissafi a zuci. Inna ta haura tamanin. In ta hau jirgin Talata, ban san ranar da zan sake zama gabanta ba, kuma irin wannan magana ba ta waya ba ce.

Don kada mu zauna muna kallon juna, ƙanena ya ɗauke mu a mota ya zaga da mu gari. Lyon ta fi Paris natsuwa, mutanenta ba sa tafiya kamar ana bin su bashi. Ya kai mu tsohon gari, inda ake tura wata ƙofa kamar ta gidan mutane, a bi ta zaure da tsakar gida, sai a ɓulla wani titi daban. Ya ce masaƙan alharini ne suke bi da kayansu a da don kada ruwan sama ya taɓa su. Gidajen abinci birjik, ƙanshi kamar ya ja ka ciki, amma ƙanena ya ce a garin nan alade har cikin abin da ba ka zato, sai an yi tambaya. Muka tsaya kan wani burodi mai jajayen ƙwayoyin sukari da suke taƙama da shi. Zaƙinsa ya yi mini yawa, ɗiyata ta cinye nata da nawa. Muka yi la'asar a wani ƙaramin masallaci a unguwar baƙi, liman Balarabe, ladan ɗan Senegal. Duk inda muka je idona yana sama. Rana tana tsaye ƙiƙam, ba ta da niyyar zuwa ko'ina.

Ƙarshen yawon ya kai mu inda koguna biyu na garin suke haɗuwa. Ɗaya kore, ɗaya ruwan ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Lokacin komawa tasha ya matso. Ƙanena ya je ɗauko mota, muka rage mu biyu a bakin ruwa.

"Baba, me ya sa abin nan ya dame ka haka? Tatsuniya ce fa, ce n'est pas grave, ba wani abu ba ne."

Na so in ba ta amsar dattijo, sai na ji na gaji. Na ce, "Ke kina da hoton uwarki a waya, kina da muryarta. Ni ba ni da ko ɗaya. Gatanar nan kaɗai ce na san ta fito daga bakinta."

Ta ɗan matsa gefe da wayarta, na ji tana Faransanci da sauri, tana roƙon wata abokiyar aikinta ta riƙe mata safiyar Lahadi. Ta dawo tana latse-latse, ta ce ta maida tikitinmu na gobe da safe, kuma kada in tambaye ta abin da aka ƙara. Ban tambaya ba. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa idona, sai na koma kallon ruwa.

Da rana ta ga dama ta faɗi, muka yi magariba, Inna ta cire tabarau ta miƙe ƙafafu bisa tabarma. 'Ya'yan ƙanena suka kewaye ta, ɗiyata ta zauna dab da gwiwarta. Ni da furfurata na raɓa ta gefe.

"Gatanan, gatananku."

"Ta je ta komo," muka amsa.

Ta ɗauko labarin tiryan-tiryan yadda na san shi, da mai saran itace, da dodo mai warin baki. Da yarinyar ta iso bakin gulbi, Inna ta sassauta murya, ta fara waƙa:

Gulbi, gulbi, kwanta in wuce,
Ƙafata ƙarama ce, ba ta yi maka ciwo,
Ƙanena na can bai ci tuwo ba,
Gulbi, gulbi, kwanta in wuce.

Tun a layin farko abin ya dawo mini gaba ɗaya, da muryar, da tabarmar kaba, da hannun da ke bubbuga bayana. Shekaru sama da arba'in waƙar tana kwance a wani wuri a cikina ban sani ba. Hawaye suka zubo, ban share ba, duhu ya rufa mini asiri. A bakin Inna dodo ma ya gwada waƙar da ya biyo su, da muryarsa kamar ana jan galan, gulbi ya kwanta masa rabi don mugunta, ya bari sai da ya kai tsakiya. Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Ta rufe da ƙurunƙus.

Ɗiyata ce ta yi tambayar. "Kaka, wa ya ba ku ita?"

"Kawun ubanki. Shi anka fara kaiwa lakwal, makarantar boko, gidanmu. Wata shekara ya yi na ɗaya, mushe, malaminsu ke nan, ya ba shi littahi mai hotuna, na Faransanci. Shina karantawa shina juya muna da Hausa. Da ya kai wurin da ruwa ya yi tauri anka taka, munka ce ƙarya kake. Mu ɗiyan Maraɗi za a gaya ma gulbi? Da damana shi ci mutum, da rani shi bushe a taka rairayi, yaushe ya taɓa yin tauri? Munka yi mai dariya har ya yi hushi ya ɓoye littahin."

"To waƙar fa?"

"Ta kakarki ce. Washegari da dare ta ce ku zo in gyara muku. Ta ce ruwa ba shi zama dutse haka kawai, sai an roƙe shi. Nan take ta ƙaga waƙar, tana 'yar budurwa. Daga ranar ba wanda ya sake cewa ƙarya ce. Ɗiyan unguwa duk wurinta sunka koya."

Wato ɗiyata ta yi gaskiya, ba wanda ya sace mana komai, mu ne ma muka yi aro ba mu mayar ba. Na jira ta ce ai na gaya maka. Maimakon haka sai ta juyo ta ce, "Baba, na karanta bugu daban-daban na labarin nan. Babu waƙa a ko ɗaya." Ta ciro waya za ta ɗauki muryar Inna. Inna ta ce ta ɗauka in tana so, amma sai ta fara ɗauka da baki. Suka yi ta maimaitawa, tsohuwa na ja yarinya na bi, har harshen da ya saba da Jamusanci ya daina tuntuɓe a kan "ƙafata ƙarama".

Da safe muka yi sallama. Inna ta ba mu ƙuli-ƙuli da sauran kuɓewarta, ta dafa kaina kamar yaro ta yi addu'a mai tsawo. Jirgi ya tashi, ya hau gadar Rhône, rana tana walƙiya bisa ruwan. Sai na ji ɗiyata ta fara rera waƙar ƙasa-ƙasa tana kallon taga. Ni da na yini jiya ina ganin dokar Inna ta hana ni ruwa gudu, ban san lokacin da na taɓa hannunta ba.

"Bari sai dare. Gida za mu."

Mun iso Belleville da azahar, lafiya lau, ba mu ɓata hanya ba. Inna ma ta sauka Maraɗi ranar Laraba, ta aiko a gaya mini cewa da ta biye mini da yanzu tana wata ƙasa.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na tafi neman shaidar cewa labarin namu ne tun kaka da kakanni, na tarar ya bi ta falon matan Jamus, da injin buga littafi, da hannun wani mushe, kafin ya iso tsakar gidanmu. Kowa ya riƙe shi ya bar sawun hannunsa. Ni kuwa sai yanzu na san daidai inda sawun uwata yake, kuma ya fi mini a ce duka labarin nata ne ban san wurin ba.

A daren Lahadin, bayan magariba, ɗiyata ta tara ƙannenta a falo, har da ƙaramin da ya ce shi ya girma da tatsuniya. Ta kashe fitila ta ce gatanan gatananku. Ina daga bakin ƙofa na amsa tare da su. Da yarinyar ta iso bakin gulbi, ɗiyata ta sassauta murya daidai wurin da kakarta take sassautawa, kakar da ba ta taɓa gani ba ko a hoto.